Tsuntsaye sun ragu a Turai: shin kullum laifin Sahel ne?

In kana bin labaran kimiyya, ka sha cin karo da irin wannan bayani: wani tsuntsu ya yi ƙaranci a Turai, dalili kuwa wai fari da sare itatuwa a Sahel, inda yake zuwa cin rani. Bayanin yana da tushe mai ƙarfi, amma an mayar da shi amsar kowace tambaya.

Tushensa wani ɗan tsuntsu ne mai farin maƙogwaro da Turawan Ingila ke kira whitethroat. Yana ƙwai a Turai, hunturu ya gabato ya ƙetaro Sahara zuwa yankinmu. Tun 1962 ƙungiyar BTO ta Birtaniya take ƙirga tsuntsayen da ke sheƙa a ƙasar. A 1969 sai ƙidayar ta nuna kimanin kashi 70 cikin ɗari na wannan tsuntsu ba su koma ba. A 1974 Winstanley da Spencer da Williamson suka danganta abin da farin da ya fara a Sahel a 1968, wanda ya kai ga yunwa da mutuwar dabbobi a 1973. Wannan aiki ne mai kyau, domin faɗuwar ta zo farat ɗaya, kuma lokacinta ya yi daidai da na farin.

To, yanzu dubi kurciyar Turai, ita ma a Sahel take cin rani. A Birtaniya ta ragu da fiye da kashi 95 cikin ɗari daga 1970. Da za a bi wancan tunani, ai shari'a ta ƙare. Amma da Browne da Aebischer suka bi sheƙunanta a Ingila a ƙarshen shekarun 1990, sai suka tarar ba ta ƙwai sau da yawa a shekara kamar yadda take yi a shekarun 1960, 'ya'yan da take fitarwa ma sun ragu sosai. Noman zamani da maganin ciyawa sun share ƙwayar ciyayin da take ci. Ga kuma mafarauta a hanya. A 2021 Faransa da Sifen da Fotugal suka dakatar da harbinta, cikin shekara biyu kurciyoyin da ke bin hanyar yamma suka ƙaru da kusan kashi 25 cikin ɗari. Kaso mai tsoka na matsalar ashe yana can gida.

Kada ka ɗauka ana wanke Sahel ne. Binciken Leo Zwarts da abokan aikinsa ya nuna baƙin tsuntsayen nan sun fi taruwa a kan wasu itatuwa kaɗan, irin su gawo, saboda haka sare su asara ce ta gaske. Madatsun Tiga da Challawa kuma sun rage ambaliyar da ke cika fadamun Haɗeja da Nguru. Abin suka shi ne rashin daidaiton hujja. A Turai dubban 'yan sa-kai ne ke fita ƙidaya kowace bazara, shekara fiye da hamsin ke nan a wasu ƙasashe. A nan kuwa, galibi adadin ruwan sama da hoton tauraron ɗan'adam ake ɗauka a gwada da ƙidayar Turai. Irin wannan gwaji yana nuna abubuwa biyu sun tafi tare, ba ya nuna inda tsuntsu ya mutu ko abin da ya kashe shi. In aka yi kuskuren gano cuta, kuɗin magani wani wuri za su tafi, manomi da mai icce kuma su ɗauki laifin da ba duka nasu ba ne.

Akwai wani giɓi da ya fi wannan. Tsuntsun da ke ƙwai a Turai shi ake saka wa zobe da na'urar bin sawu. Shamuwa fa? A tsakiyar ƙauyukanmu take sheƙa da damina, da kaka ta nufi gabashi da kudancin Afirka, amma ba ta da doguwar ƙidaya irin ta kurciyar Turai. In ta ragu, tsofaffin gari za su riga masana lura.

An fara cike giɓin. Cibiyar APLORI da ke kusa da Jos tana horar da masana tsuntsaye, kuma akwai shirin taswirar tsuntsayen Najeriya da 'yan sa-kai ke aika wa bayanai ta waya. Kafin bayanan su taru, duk rahoton da ya ce maka laifin Sahel ne, duba ka gani: an ƙirga tsuntsun a Sahel ɗin, ko daga ƙidayar Turai aka yi hasashe?