Motar Waya da Ilimin Ƙarfen da ke Cikinta

Da an sare dawa kaka ta yi, yaran Horo Birni, kamar na sauran garuruwan ƙasar Shagari da Boɗinga, sun samu kayan aiki kyauta. Ɓawon kara da totuwarsa su ne motar kara, su ne jirgin sama mai farfela da iskar hunturu ke juyawa. Sai dai kara abin ƙanana ne. Yaron da hannunsa ya fara nuna, waya yake nema, kuma a wurin nemanta ne wasan ke komawa sana'a.

Wayar da aka fi samu ita ce ta bakin tsohuwar tayar mota. Duk wanda ya taɓa gwada lanƙwasa ta ɗanya ya san halinta: ka tanƙwara, ta miƙe ta mare ka. Ƙarfe ne mai gawayi a jikinsa, ƙasa da kashi 1 cikin 100, amma wannan ɗan kaɗan ɗin da jan da aka yi mata a masana'anta su suka ba ta taurin kai. Dabarar yara ita ce a ƙone tayar, a bar wayar cikin toka har ta huce. Washegari ta yi laushi, ana naɗa ta a jikin gwangwani a fitar da ƙafa, a jikin ƙusa a fitar da zobe. Hayaƙin tayar guba ne, wannan kam ba abin yabo ba ne, amma abin da ya faru cikin tokar daidai yake da abin da littattafan kimiyya suka bayyana. Idan ƙarfe ya wuce zafin digiri 727 ya yi ja, tsarin cikinsa na sauyawa. Ya huce a hankali, ya yi laushi. A tsoma shi a ruwa yana ja, ya yi tauri har ya riƙa karyewa kamar kwalba.

Abin da ya fi burge ni a motar waya shi ne sitiyari. Doguwar waya ce daga hannun yaro zuwa ƙafafun gaba, an lanƙwasa bakinta an saƙala a wata 'yar sanda, yaro na tsaye yana murzawa mota na juyawa. Masu haɗa ƙananan jiragen sama na wasa a Turai da Amurka da irin wannan sandar suke motsa wutsiyar jirgi: siririyar waya daga ɗan injin da ke karɓar umarnin rimot zuwa bayan jirgin, bakinta a lanƙwashe kamar harafin Z don kada ya zame daga huda.

A nan ne gazawar al'adarmu take. Mun iya kashe ƙarfin waya, ba mu damu da tsare shi ba. Wayar da aka ƙone gaba ɗaya ta ishi mota, don in sitiyari ya lanƙwashe sai a tsaya a miƙe shi a gwiwa. Sandar jirgi kuwa ja take yi, turawa kuma take yi, kuma wurin turawar ne mai laushi ke lotsawa jirgi ya faɗo. Shi ya sa masu wannan aiki ke lanƙwasa wayarsu a sanyi da filaya, sau ɗaya tak, ba tare da matse kusurwar sosai ba. In aka kuskure, a yanke a sake, domin mayar da lanƙwasa baya gajiyar da ƙarfe take yi, wanda ya taɓa karya waya ta hanyar kai ta da komo da ita ya ga hakan. In dole sai an sa wuta, bakin kawai ake gasawa, a binne shi a toka mai zafi, saboda siririyar waya iska ma kan iya sanyaya ta da sauri ta sa ta yi gautsi.

Duk wannan ba baƙon abu ba ne a maƙera. Mai zugazugi da ke ƙera wuƙa da lauje launi yake karantawa, ya san jan da ake bugu, ya san lokacin tsomawa a ruwa. Yaro dai ba ya zuwa tambaya in ba ɗan gidan ƙira ba ne, malamin makaranta kuma na kallon motar waya a matsayin shiririta. Alhali Wilbur da Orville Wright, da suka tashi jirgi a 1903, masu shagon kekuna ne a Dayton. A gida ma, a 2007 Mubarak Muhammad Abdullahi, ɗalibi a Jami'ar Bayero ta Kano, ya haɗa jirgi mai saukar ungulu da tarkacen mota da babur.

Ga malaman firamare na Horo Birni da kewaye, in an zo darasin ƙarfe da zafi, a gayyato maƙerin gari da gawayinsa da awartakinsa, yara kuma su zo da motocinsu.