Dala da faran: sharhi kan «Français élémentaire»

Tun 2025 faransanci ya zama harshen aiki kawai a Nijar, don haka ya kamata a sake duba yadda ake koyar da shi ga manya. Jerin kalmomin «Français élémentaire» (1954), wanda Gougenheim da abokan aikinsa suka tsamo daga hirar Faransawa, yana taimakawa wajen tsara darussa, amma bai san kasuwarmu ba. A Tasawa da Mayahi da dala ake lissafi, kowace dala faran 5. Ɗalibin da ya haddace ƙidaya zalla, in mai kantin magani ya ce masa «cinq cents francs», zai ɗauka dala 500 ce, alhali dala 100 ce, ya koma gida ba magani. A ganinmu, darasin ƙidaya ya fara da wannan juyi.