Hawa 40, maƙwabta 2,000: bitar littafin High-Rise na J. G. Ballard

Shafin farko na High-Rise ya nuna mana wani likita mai suna Robert Laing zaune a barandar gidansa a hawa na 25, yana cin gasasshen naman kare, yana tuna watanni 3 da suka gabata hankalinsa kwance. Ballard bai ɓoye wa mai karatu inda labarin zai kai ba. Tun daga bakin ƙofa ya miƙa masa ƙarshen, sannan ya koma baya yana nuna hanyar taki-taki. Gwanintar littafin tana cikin ƙanƙantar takun nan, domin babu ko ɗaya da za ka nuna ka ce nan ne mutanen kirki suka haukace.

Kamfanin Jonathan Cape ne ya buga littafin a Landan a 1975, bayan Crash na 1973 da Concrete Island na 1974. Labarin duka a cikin gini guda yake: bene mai hawa 40 da gidaje 1,000 da mazauna wajen 2,000, ɗaya daga cikin benaye 5 da ake ginawa a tsohuwar tashar jiragen ruwa ta gabashin Landan. A hawa na 10 akwai babban kanti da banki da wurin gyaran gashi da wurin ninkaya da makarantar yara. A hawa na 35 akwai gidan cin abinci da wani ƙaramin wurin ninkayan. Mazaunan ba 'yan haya ba ne, kowa da kuɗinsa ya sayi sashensa, lifta da matakala da kanti kuwa na tarayya ne. Likitoci ne da lauyoyi da akantoci da ma'aikatan talabijin da matuƙa jirgin sama.

Wannan zaɓi na mazauna shi ne abin da na fi yaba wa marubucin. A shekarun da ya rubuta littafin, dogon bene a Ingila gidan talaka ne. Ƙananan hukumomi sun gina su da yawa bayan Yaƙin Duniya na Biyu, kuma tun da iskar gas ta fashe ta rusa kusurwar benen Ronan Point mai hawa 22 a 1968, mutum 4 suka mutu, jaridu suka sa irin waɗannan gidaje a gaba. An ce su ne matattarar ɓarna da ƙazanta. Ballard ya ɗauki duk abin da ake jingina wa benen talakawa, rubutun batsa a bango da fitsari a lifta da tulin shara a lungu, ya sauke shi a kan masu digiri da manyan motoci. Da haka ya toshe wa mai karatu mafita mafi sauƙi, ta cewa talauci ne ya jawo.

Ga yadda rigimar take farawa. Kwalbar giya ta faɗo daga wani shagali da ake yi a sama ta tarwatse a barandar Laing, ba wanda ya leƙo ya ba da haƙuri. Bututun zubar da shara ya toshe, kowane hawa ya ɗora laifin a kan na ƙasa da shi. Mazaunan ƙasa masu yara ne, na sama masu karnuka, don haka gardamar farko ita ce wa ya ɓata lifta, ɗan wane ko karen wance. Aka fara korar yara daga wurin ninkaya. Wata rana wuta ta ɗauke na ɗan lokaci, da ta dawo sai ga gawar wani kare mai tsada tana yawo a kan ruwan. Akwai kuma maganar ajiye motoci, wadda nake ganin ba a fi ta dabara ba a duk littafin: an ba mazaunan sama filin da ya fi kusa da ginin, tunda su ne suka fi daɗewa a lifta, na ƙasa kuma sai su yi doguwar tafiya daga bayan fili. Tsari ne mai kama da adalci a takarda. Amma ya jera motoci mafi tsada daidai ƙarƙashin barandar mutanen da aka tura nesa, kuma kwalba ba ta da wuyar saki daga hannu.

Duk wanda ya taɓa zaman gidan haya ya san irin wannan faɗa, na igiyar shanya da layin famfo da wanda bai biya kason kuɗin wuta ba. Sai dai gidan haya yana da tsakar gida, inda dole a haɗu da safe a gaisa ko da ana ciki da juna, yana kuma da dattijon da za a kai wa ƙara. Benen Ballard an tsara shi ne yadda ba wanda zai buƙaci maƙwabcinsa, kuma wannan 'yancin ne mazauna suka saya da tsada. Da injinan da suke tsaye a madadin maƙwabtaka suka fara lalacewa, sai aka ga babu komai a ƙarƙashinsu. Abin da ya rage wa mutum ya san nasa da shi shi ne lambar hawa: daga 1 zuwa 9 talakawan gidan, daga 10 zuwa 35 masu matsakaicin hali, biyar ɗin ƙarshe kuwa sarakai.

Mutum 3 ne suke karɓa-karɓar labarin. Richard Wilder, ƙaƙƙarfan mai shirya fina-finan talabijin da ke hawa na 2, ya ɗauki kyamara da niyyar tona asirin ginin, ya bar matarsa Helen da 'ya'yansa maza 2, ya kama hawa bene bayan bene. Kafin ya kai sama ya manta fim ɗin, ya kusa manta magana ma. Anthony Royal, ɗaya daga cikin waɗanda suka zana ginin, yana can ƙololuwa da farar rigarsa da sandarsa da farin karensa, yana kallon tsuntsayen teku suna taruwa a kan rufi, ya kasa rabuwa da abin da ya gina. Ana yawan tuna Ernő Goldfinger idan an zo kan Royal, domin shi ma ya tare a saman benen Balfron da ya zana, na wata 2 a 1968, yana gayyatar mazauna shan shamfen don ya ji ra'ayinsu. Laing na tsakiya shi ne ya fi ba ni tsoro. Ba ya jagorantar komai, ba ya hana komai, duk yanayin da ya zo sai ya gyara zama a cikinsa. Ballard ya yi karatun likita a Kambirij kafin ya bari, kuma da muryar mai rubuta rahoton gawa yake bayyana ɓarnar, ba ɗaga murya, ba salati.

Tambayar da kowane mai karatu zai yi ita ce, me ya hana su fita? Ƙofa a buɗe take, birni yana nan lafiya lau. Wani mai sayar da kayan ado ya faɗo daga hawa na 40 a kan mota, ba wanda ya kira 'yan sanda. Da 'yan sandan suka zo da kansu ganin tulin shara, mazauna ne suka tare su da fara'a suka ce komai lafiya. Da safe maza suna sa kwat su tafi aiki, da dare su dawo su kafa shingen kujeru a matakala. Amsar littafin ita ce suna jin daɗin abin, a karon farko sun san sunayen mutanen hawansu, sun sami abin tashi dominsa. Wanda ya san Ballard ya yi ƙuruciyarsa a sansanin Lunghua kusa da Shanghai, inda Japanawa suka tsare Turawa daga 1943 zuwa 1945, ba zai yi mamakin wannan amsa ba. Ya ga manyan ma'aikata suna rigima a kan dankali tun yana ɗan shekara 13.

Littafin yana da rauninsa. Kashi na ƙarshe yana maimaita kansa: wani farmaki a matakala, wani gida da aka fasa, wani kare a tukunya, har mamaki ya dushe. Matan labarin, Charlotte Melville da Helen da Anne Royal, an daɗe ana miƙa su daga hannun wannan namiji zuwa wancan ba tare da mun ji abin da ke ransu ba, don haka lokacin da suka haɗa kai suka karɓe rufin ginin, sai ya zo kamar an jefo shi daga sama. Babi guda daga idon Helen da ya gyara wannan.

Lokaci dai ya yi wa littafin gata. Tashar jiragen da Ballard ya zaɓa kufai ce a littafin, yau ita ce Canary Wharf da kewayenta, inda akwai benen zama mai hawa 75. Balfron ɗin Goldfinger an kwashe masu hayarsa, an gyara shi don sayarwa ga masu hali. A unguwar Nine Elms an buɗe wani wurin ninkaya a 2021, mai ƙasa garai-garai, tsawonsa mita 25, rataye tsakanin benaye 2 mita 35 daga ƙasa, kuma mazaunan gidaje masu rangwame na rukunin ba su da izinin shiga, sai dai su ɗaga kai su ga ƙafafun masu iyo. A Niyok kuma, masu gidaje a 432 Park Avenue, siririn benen nan mai tsayin mita 426, sun kai maginansa kotu a 2021 suna neman dala miliyan 125, bisa koken yoyon ruwa da lifta mai maƙalewa da ƙarar ginin idan iska ta taso. Har ƙarar bututun shara tana cikin abin da aka yi kuka da shi.

Ben Wheatley ya mayar da littafin fim a 2015, Tom Hiddleston a matsayin Laing, Jeremy Irons a Royal, Luke Evans a Wilder. Evans ya cika rigar, kuma Amy Jump da ta rubuta fim ɗin ta ba matan bakin magana fiye da yadda Ballard ya ba su. Amma fim ɗin ya yi abu 2 da suka rage masa kaifi. Ya tsaya a shekarun 1970, da dogon gashi da faffaɗan wando da muryar Margaret Thatcher a rediyo, sai mai kallo ya sami damar cewa wannan labarin mutanen da ne. Sannan ya dunƙule lalacewar ginin cikin 'yan mintuna na hotuna masu wucewa da sauri, daga tsabta zuwa kufai. Wanda ya fara da fim ɗin zai ga hauka ne kawai ya sauko wa gidan, bai ga makonnin da aka yi ana gardamar lifta da filin mota ba, alhali su ne rabin littafin, kuma su ne rabin da ya fi kyau.