Ma'aunin Likita Mai Bincike: Yawan Maƙala ko Amfaninta?

Jama'a sun san Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, wanda aka kafa a 1988 yake kuma zaune kan titin Zariya a Gyadi-Gyadi, da layin yankar kati da zaman jinya. Amma manyan likitocinsa, waɗanda yawancinsu malamai ne a Jami'ar Bayero, suna da wani aikin da majinyaci ba ya gani: bincike da wallafa maƙala a mujallun kimiyya. Da wannan aiki ake ƙara musu girma har su kai farfesa.

Al'adar jami'a ita ce ƙirga. Maƙala nawa ka wallafa, a wace mujalla, sau nawa wasu masana suka kafa hujja da kai? Tun 2005 da Jorge Hirsch ya fito da ma'aunin da ke haɗa yawan rubutu da yawan ambato, lamba guda a Google Scholar ko Scopus ta zama kamar katin shaidar masani. Tsarin yana da amfani, domin yana rage son kai wajen ƙarin girma. Sai dai ya buɗe ƙofar ɓarna: a tsaga bincike ɗaya gida uku, a saka sunan wanda bai ɗaga ko tsinke ba, ko a biya mujallar bogi ta buga aiki ba tantancewa.

A ganina, ma'aunin gaskiya yana bakin gadon majinyaci. Mu ɗauki Farfesa Hadiza Galadanci, likitar mata, wadda ta jagoranci ɓangaren Nijeriya a binciken E-MOTIVE kan zubar jini bayan haihuwa. An gudanar da shi a asibitoci 80 a Nijeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu, kan mata fiye da 200,000, aka wallafa a New England Journal of Medicine a 2023. A da, ungozoma da ido take kintatar jinin da ya jiƙa zani da shimfiɗa, kafin ta farga mai jego ta galabaita. Binciken ya sa a shimfiɗa wata leda mai aljihu da layukan awo a ƙarƙashin matar. Da jini ya kai layin haɗari, sai a haɗa komai lokaci guda: murza mahaifa, allurar tsuke ta, maganin tsayar da jini, ƙarin ruwa, da duba inda jinin ke fitowa. Mummunar zubar jini da abin da ke biyo bayanta suka ragu da kashi 60 cikin 100, kuma a wannan shekarar ce Hukumar Lafiya ta Duniya ta shigar da tsarin cikin shawarwarinta. Maƙala ɗaya irin wannan ta fi hamsin da ke kwance a kanta.

Aikin Farfesa Abdulrazaq Habib kan saran maciji ya nuna ɗaya fuskar. Yana cikin ayarin da suka gwada magungunan dafi na EchiTAb kan mutum 400 da kububuwa ta sara a Kaltungo, aka wallafa a 2010. Rubuce-rubucensa sun lissafa asarar rayuka da gaɓoɓi a Afirka ta Yamma, suka ƙara wa masu fafutuka hujja, har a 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya saran maciji cikin cututtukan da aka yi wa riƙon sakainar kashi. Duk da haka, a Birtaniya da Kosta Rika ake sarrafa maganin, kuma manomin da aka sara a gona yakan tarar ya ƙare ko ya fi ƙarfin aljihunsa. Mai bincike ya sauke nauyinsa, gwamnati ce ba ta ɗauka ba.

Akwai kuma raunin kuɗi. Manyan binciken nan da tallafin waje ake yin su, kuma mai kuɗi shi ke da ta cewa kan cutar da za a bibiya. Sakamakon ma da Turanci yake fita, ba kasafai yake isa ga mutanen da aka yi aikin dominsu ba.

Don haka ya kamata kwamitocin ƙarin girma su riƙa tambayar malami abin da aikinsa ya canza a asibiti da ɗaliban da ya horar, su kuma ba da maki ga wanda ya shiga rediyo ya yi wa jama'a bayanin bincikensa da Hausa. Abin da jami'a ta saka wa lada, shi matasan likitoci za su bi.