Matan da Ke Shuka da Baya a Tsibirin Jawa

Duk wanda ya taɓa ganin hoton gonar shinkafa ta tsibirin Jawa, a ƙasar Indunusiya, abin da ke fara ɗaukar idonsa shi ne layi. Shuka a jere reras, ta tsaye da ta kwance, kamar an auna da ma'aunin magini. Wannan aikin hannun mata ne, akasarinsu ma sun manyanta, kuma sun yi shi ne a sunkuye cikin taɓo, suna tafiya da baya.

Sunan aikin a harshen Jawa tandur. Mutanen karkara kan ce kalmar dunƙule ce ta "tata" da "mundur", wato shiryawa ana ja da baya. Dalilin bayan a fili yake: wadda ta fuskanci gaba za ta tattake abin da ta dasa.

Kafin matan su shiga, maza sun gama nasu. An sako ruwa, an yi huɗa da garmar ɓauna ko ƙaramin tarakta da ake turawa da hannu, an bi da abin baje ƙasa da suke kira garu an baje taɓon har ya kwanta sumul. A wani lungu na gonar akwai irin da aka yafa mako uku ko huɗu da suka wuce. Sai a tuge shi, aikin da suke kira ndaut, a wanke jijiyar, a ɗaure dami-dami, a warwatsa cikin gonar yadda duk inda mace ta ja baya za ta tarar da wani yana jiranta.

Da an idar da sallar asuba za ka ga matan tafe a kan kunyar da ta raba gonaki, wadda faɗinta bai wuce sawun ƙafa biyu ba, kowace da malfar gora mai tsini. Su jera kafaɗa da kafaɗa. A gabansu an shimfiɗa blak, doguwar gora da aka yi wa alama kowane santimita 20 ko 25, a gefe kuma igiya a ɗaure da turaku. Hannun hagu na riƙe da dami, babban yatsa yana ware tsiro biyu ko uku yana turo su gaba tun kafin a nema. Hannun dama ya karɓa da yatsu uku, ya cusa jijiyar cikin taɓo, ya fito ba tare da ya jawo ta ba. Layi ya cika, na gefe biyu su ɗaga gorar, kowa ta ja taku ɗaya.

A nan gwanintar take, kuma ido ba ya ganinta, domin a ƙarƙashin ruwa mai duhu take faruwa. Zurfin da ake so bai wuce gaɓar yatsa ɗaya ba. In ya zarce, gindin ya nutse, shinkafar ta yi nawar fitar da 'ya'ya, amfani ya ragu. In bai kai ba, da an ƙaro ruwa sai ka ga shukar tana yawo a kai. Ƙafa ma da nata karatun. Kowane sawu rami yake bari, kuma duk tsiron da ya faɗa ramin sawu ba zai tsaya ba. Saboda haka gwana takan ja ƙafarta ta bi tsakanin layi biyu, in ta bar gurbi ta shafe shi da hannu. Tana yin wannan duka tana hira, tana tambayar lafiyar jikan maƙwabciyarta, hannun kuwa bai tsaya ba. Mai noman rani a Kura ko fadamun Kebbi ya san dashe, ya san yadda ƙugu ke ƙagewa bayan awa guda. Su waɗannan matan sai an buga bedug, babbar gangar masallaci da ke sanar da azahar, suke tashi. A tsakani matar mai gona kan kawo shayi mai zaƙi da shinkafa da soyayyen tempe na waken suya, a zauna a kan kunya a ci da ƙafafu cikin ruwa.

Daidaita layin ba don ado ba ne. Bayan mako biyu ko uku ciyawa za ta taso, kuma abin cire ta wani katako ne mai haƙoran ƙarfe da ake turawa tsakanin layuka. In layi ya karkace, shinkafa zai tuge. Akwai kuma tsarin da ake kira jajar legowo, inda bayan kowane layi biyu ko huɗu ake barin hanya guda fayau, sannan a matse shukar bakin hanyar. Manoma sun daɗe da lura cewa shinkafar gefen gona ta fi zangarniya, don ta fi samun rana da iska. Wannan tsari yana mayar da kusan kowane gindi ɗan gefe. A takarda abu ne mai sauƙi, amma mai dashe ce za ta riƙe tazara iri biyu a ka, tana ja da baya.

Me ya sa ake wannan ƙwaƙƙwafi? Ƙasa ce ta yi kaɗan. Ƙidayar 2020 ta nuna mutum fiye da miliyan 150 ke zaune a Jawa, sama da rabin al'ummar Indunusiya. Manomi da yawa gonarsa ba ta kai rabin hekta ba, har ana auna fili da ubin, wanda yake kimanin murabba'in mita 14. Wasu ma ba su da ko taku ɗaya, sai dai su karɓi gonar wani a kan maro, a raba amfani biyu. A wuri kamar Klaten, a gindin dutsen Merapi mai aman wuta, inda maɓuɓɓugai ke gudu rani da damina, ana iya dashe sau biyu ko uku a shekara. Gindi ɗaya da ya lalace, an san da shi.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda wannan sana'a ta zama jari ga wadda ba ta da gona. A ƙauyuka da dama akwai al'adar ceblokan: mace ta yi dashe ba a biya ta ranar ba, amma ta sami haƙƙin girbin wannan fili, ta ɗauki kasonta na shinkafa, wanda ake kira bawon. Hannunta ne takardar filinta. A da ma girbin na mata ne, da 'yar wuƙar ani-ani da ake ɓoyewa a tafin hannu ana yankar zangarniya ɗaya-ɗaya. Zuwan sababbin iri masu gajeren kara a shekarun 1970 ya kawo lauje, girbi ya fara komawa hannun maza 'yan kwangila. Dashe ne ya zauna wa matan.

Yanzu shi ma an kawo masa inji, kuma 'yan mata sun fi son masana'antun Semarang da Jakarta. Amma injin yana son fili mai faɗi da irin da aka rena a faranti, ba ya hawa matattakalar gonakin gangaren dutse. Shi ya sa idan lokacin dashe ya kama, mai gona ke bin shugabar ayari tun da kwanaki yana neman rana. In sun gama da ƙauyensu, a kwashe su a bayan a-kori-kura tun da duhu zuwa ƙauyen da ruwa ya isa, gorar awonsu a ɗaure a gefen mota.