Gwanin manhaja a ƙasar da rezo ke ɓacewa

Duk wanda ya taɓa shiga mota daga Damagaram ya nufi Tanut ya san halin rezo a wannan hanya: ya zo, ya tafi, ya sake leƙowa. In ka ratse yamma zuwa ƙauyukan Tarka a yankin Balbeji, ko ka bi makiyaya wajen Tenhiya, kana iya yini salularka ba ta kama komai ba. Amma a can ɗin ma ana yi wa yara rigakafi, ana auna damtsensu don gano tamowa, ana rubuta farashin tiyar hatsi ranar kasuwa. Mutumin da ya iya rubuta manhajar da za ta riƙe wannan lissafi ba tare da ta zubar da ko ƙwaya ba, shi nake jinjina wa.

Dabararsa ta farko ita ce ya ɗauka tun daga tushe cewa babu intanet. Ɗan koyo yakan gina manhaja ta yadda kowane dannawa sai ta tambayi babbar kwamfutar da ke Yamai ko Turai, rezo na yankewa ta tsaya cak. Gwani kuwa yakan gina rumbu a cikin wayar kanta, sau da yawa da SQLite, wata ƙaramar ma'ajiyar bayanai da Richard Hipp ya fitar a 2000, wadda ke cikin kowace wayar Android. Ma'aikacin lafiya ya shigar da sunan yaro, bayanin ya kwanta a rumbun. Ran da ya shigo gari, manhajar ta kwashe abin da ta tara ta aika, ba sai ya tuna ba. Manomin Damargu, wato wannan yanki na Tanut, ba zai ga baƙon abu a nan ba, don shi ma ba kullum yake kai hatsi kasuwa ba.

Inda aikin ke da wuya shi ne wajen aikawar. A ce an tura bayanin yara hamsin, rezo ya yanke a na talatin, wayar ba ta san ko sun isa ba, ta sake turawa. In magini bai yi hattara ba, yara talatin sun koma sittin a takarda, a kuma aiko magani a kan lissafin ƙarya. Maganin abin shi ne kowane bayani a ba shi doguwar lambar da babu mai irinta tun a cikin wayar, yadda ko sau goma aka tura shi, sau ɗaya za a ƙirga. Suna ba ya wadatarwa, domin Abdu Musa nawa ne tsakanin Gangara da Bakin Birji? Akwai kuma ranar da ma'aikata biyu za su gyara bayanin mutum ɗaya, kowa a wayarsa, ba su san da juna ba. Ma'ajiya irin CouchDB ba ta share na ɗaya ta bar na ɗaya, takan ajiye duka biyun ta yi musu alama, mai manhaja kuma ya tsara wanda zai raba gardamar. Ƙungiyar eHealth Africa, wadda aka kafa a Kano a 2009, ta yi aiki da irin wannan tsari lokacin annobar Ebola ta 2014 a Afirka ta Yamma.

Abin da ya fi burge ni shi ne kulawarsa da ƙananan abubuwa. Ya san dattijuwa da yawa ba su riƙe ranar haihuwarsu ba, sai ya bar gurbin kimanta shekaru maimakon ya tilasta wa ma'aikaci ƙirƙiro kwanan wata. Ya san ƙ da ɓ da ɗ da ƴ haruffa ne masu cikakken haƙƙi, sai ya ajiye rubutu da tsarin UTF-8 don kada su rikiɗe su zama alamar tambaya, ya kuma sa wanda ya nemi "Dan Ladi" ya samu "Ɗan Ladi". Damargu ƙasa ce ta Hausawa da Abzinawa da Fulani da Barebari, kuma haruffan Tifinag na Abzinawa sun shiga tsarin haruffa na Unicode tun 2005, saboda haka ko su ba su gagare shi ba.

Yana matse hoto kafin a aika, don ya san da kuɗin aljihu ake sayen kowane megabait. Yana ajiye aikinsa kaɗan-kaɗan a Git, wanda Linus Torvalds ya ƙirƙiro a 2005, kowane gyara da bayanin dalilinsa, ta yadda in abu ya lalace zai koma daidai inda ɓarnar ta fara. Kafin ya ce ya gama, sai ya ɗauko tsohuwar waya mai ƙaramar ƙwaƙwalwa, ya kashe data, ya cika fom rabi, ya kashe wayar gaba ɗaya, ya kunna ya ga ko abin da ya rubuta yana nan.

Ku ɗaliban da ke koyon wannan sana'a a Jami'ar André Salifou ta Damagaram, in kun rubuta manhaja, ku saka ta a waya ku shiga motar Tanut ku gwada ta a hanya kafin ku miƙa wa kowa.