Matsalar Fassara Ƙeɓaɓɓun Kalmomin Su da Ƙudan Ƙarya Daga Ingilishi Zuwa Fotugis

1.0 Gabatarwa

Su da ƙudan ƙarya wata hanya ce ta kamun kifi da fatsa, inda ake naɗa gashin tsuntsu da zare a jikin ƙugiya har ta yi kama da ƙwaron da kifi ke ci. An yi bayanin wannan sana'a a rubuce a Ingila tun 1496, Charles Cotton kuma ya faɗaɗa bayanin a 1676, saboda haka yawancin kalmominta na Ingilishi ne. Wannan maƙala za ta duba yadda aka mayar da wasu daga cikinsu harshen Fotugis a Burazil da Fotugal.

2.0 Kalmar "fly"

A bakin masuntan Ingila, kalmar "fly" ta ƙunshi ƙwarin ruwa masu fiffike da kuma kwaikwayonsu da ake ɗaurawa. A Burazil an fassara ta da "mosca", wato ƙudan gida. Rauninta yana fitowa fili a kogunan Amazon, inda ake kama kifin "tucunaré" da ƙugiya mai siffar ƙaramin kifi, amma duk da haka sunanta ƙuda. Da yawa daga masuntan Fotugal kuwa "pesca à pluma" suke cewa, wato su da gashin tsuntsu. A ganinmu wannan ya fi dacewa, domin ya ambaci abin da ake haɗa ƙugiyar da shi, ko da wace halitta aka kwaikwaya.

3.0 Kalmar "leader"

A wannan su, nauyin igiya ne ke kai ƙugiya nesa, don ita ba ta da nauyi. Tsakanin igiyar da ƙugiya akwai siririn zare wanda kifi ba ya saurin gani, shi ne "leader". Mutanen Burazil sun aro lafazin suka ce "líder", alhali a harshensu ma'anarta shugaba. A Fotugal ana cewa "baixo de linha", wato ƙarshen igiya, bisa tsarin Faransanci. Ɗan koyo da ya ji wannan ya san inda zai ɗaura shi.

Bambancin bai tsaya nan ba. Sandar fatsa "vara" ce a Burazil, "cana" a Fotugal. Ɗaura gashi a ƙugiya "atado" ne a Burazil, a Fotugal kuwa "montagem".

4.0 Kammalawa

Daga misalan da suka gabata za a ga cewa fassarar da ta bi aikin abu ta fi wadda ta bi surar kalma amfani. Sai dai kalmar da ta riga ta zauna a bakin masu sana'a ba ta tumɓukuwa da alƙalami. Wanda ya rubuta "pluma" ga masuncin Burazil ya fi gaskiya, amma ya rasa mai karatu. Wajibi ne mai fassara ya fara tantance waɗanda yake yi wa aikin, ya riƙe kalmarsu, sa'annan ya bayyana aikin abin a farkon ambatonsa.